Tsadar Na'urar Gem: Daga Masana'anta Zuwa Shagon Sabon Gari

 

Na san akwai wanda da ya ji taken laccar nan ya ce a ransa: ana fama da kwanon masara, wa yake ta na'urar wasan yara? Ban ga laifinsa ba. Sai dai hanyar da PlayStation ke bi kafin ta iso shago a Sabon Gari, ita kwamfutar ɗalibi ke bi, ita na'urar awon jini ta asibitin Shika ke bi, ita injin ban-ruwan manomin Bomo ke bi. Abin da ya sa na zaɓi PS shi ne farashinta ba ɓoyayye ba ne. Kamfani yakan tara 'yan jarida ya faɗe shi a bainar jama'a, don haka muna iya bin sawun kuɗin tun daga bakin masana'anta har hannun yaron da ke riƙe da fad a Hayin Dogo, mu ga inda kowace naira ta ƙaru.

Tsadar iri biyu ce, kuma mutane kan cakuɗa su. Akwai abin da aka ɗora a kan farashin asali kafin kaya ya zo hannunka. Akwai kuma yawan gumin da za ka zubar kafin ka tara kuɗin. Bari mu fara da ta biyun, don ita ta fi ciwo.

A Nuwamban 2013 kamfanin Sony ya fitar da PS4 a kan dala 399. A lokacin dala tana wajen naira 160, mafi ƙarancin albashi kuma naira 18,000 ne. Kenan na'urar ta kama kusan naira 64,000, albashin wata uku da rabi. A Nuwamban 2020 aka fitar da PS5 a kan dala 499. Dala a hannun 'yan canji tana wajen naira 470, albashi ya koma 30,000. Ka buga lissafi, naira 235,000, kusan albashin wata takwas. A farkon 2025 wannan dala 499 ɗin, a kan naira 1,500, ta zama kusan naira 750,000. An ƙara albashi zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma duk da ƙarin sai ma'aikaci ya haɗa na kusan wata goma sha ɗaya, bai ci ba bai sha ba. A Amurka kuwa mafi ƙarancin ladan da dokar tarayya ta yarda da shi dala 7.25 ne a awa, tun 2009 ba a taɓa shi ba. Mai karɓar wannan ladan, wanda a can shi ne na can ƙasa, aikin awa 69 ya ishe shi, bai kai mako biyu ba. Ku lura, duk lissafin nan ban sa kwabon kwastan ko na mota ko ribar ɗan kasuwa ba. Farashin Amurka ne tsurarsa. Kuma kun fi ni sanin cewa mai tura baro a kasuwar Samaru da malamar makarantar kuɗi ta unguwa, da yawansu ko 70,000 ɗin ba sa gani.

To me ya hana kamfani ya rage mana, tunda ya san ba mu da shi? Sai mun fahimci yadda ake cin riba a wannan sana'a. Manyanmu da ke nan za su tuna 2001, lokacin da wayar salula ta shigo, ana sayen layi ɗaya naira dubu ashirin ko fiye. Yau kusan roƙonka ake yi ka karɓa, domin kamfanin waya ya gane ba a layin ribarsa take ba, tana cikin katin da za ka riƙa sawa har iya rayuwarka. Haka na'urar gem take. A shari'ar da aka yi tsakanin kamfanonin Epic da Apple a 2021, wata babbar jami'ar Microsoft, Lori Wright, ta shaida wa kotu cewa kamfaninsu bai taɓa cin riba a sayar da na'urar Xbox kanta ba. A 2022 shugaban sashen Xbox, Phil Spencer, ya ce suna yin asarar dala 100 zuwa 200 a kan kowace na'ura. Inda suke fanshewa shi ne bayan ka kai ta gida: kashi 30 cikin 100 na duk gem ɗin da ka saya a shagonsu na intanet, da kuɗin rajistar wata-wata don wasa da mutanen nesa, da fad na biyu, da sauran tarkace. Dala 499 ɗin nan farashi ne da aka riga aka sassauta wa mutumin da kamfani ya tabbata zai ci gaba da sayen gem na dala 70 sau da yawa a shekara.

Yanzu ku sa kanku a kujerar mai lissafin kamfanin, ku dubo Zariya. Me yake gani? Mutumin da zai sayi na'ura ta hannu, ya kai a loda masa gem, ya shekara uku yana buga ƙwallo ɗaya. A littafinsa wannan ba abokin ciniki ba ne. Amma akwai abin da ba ya gani, kuma nan ne zuciyar maganata. Idan ka zo buɗe asusun PlayStation, za a ba ka jerin ƙasashe ka zaɓa. Babu Nijeriya a ciki, babu Nijar, babu Gana. A duk Afirka kudu da Sahara, Afirka ta Kudu ce kaɗai. To me yaranmu ke yi? Su zaɓi Amurka ko Ingila, su nemo adireshin wani gari da ba su taɓa takawa ba su rubuta, su sayi katin dala a hannun dillali da ƙarin riba a kai. Kuɗin ya fito daga Danraka, amma a littafin Sony an rubuta shi cinikin Amurka ne. Gobe idan aka zauna a Tokiyo ana tambayar ko a buɗe wa Nijeriya shago, sai a duba littafi a ga babu ciniki, a ce babu kasuwa. Rashin shagon ya sa ba a ƙirga mu, rashin ƙirga mu ya sa ba a buɗe shagon. A Mayun 2024 duniya ta ga girman wannan rami, lokacin da Sony ya ce dole mai buga wani gem na kwamfuta mai suna Helldivers 2 ya mallaki asusun PlayStation. Nan take aka janye gem ɗin daga kasuwa a ƙasashe da yankuna fiye da 170, don babu yadda mutanensu za su buɗe asusun da sunan ƙasarsu. Sai da aka yi ca a kan kamfanin sannan ya janye sharaɗin.

Wannan ya sa nake yawan tunanin tarihin Sabon Gari. Garin nan jirgin ƙasa ne ya haife shi, bayan layin dogo ya iso Zariya wajen 1911. Kamfanonin Turawa irin su Paterson Zochonis, wanda har yau unguwar PZ ke amsa sunansa, da ƙafarsu suka zo suka kafa kanti da sito a kusa da tasha. Ba ƙaunarmu ta kawo su ba, auduga da gyaɗa suka biyo, kuma kakanninmu sun sha cuta a kan sikelinsu. Amma sun ƙirga mu. Sun san yadi nawa na atamfa Zariya ke sha, suna da wakili, suna ba ɗan kasuwa kaya a farashin sari. Ɗan kasuwar gem na yau ba shi da wannan gatan. Yawancin na'urorin da kuke gani a shagunanmu ba ta hannun kamfanin da ya ƙera su suka shigo ba. Wani ne ya je Dubai, ko ya aika ɗan'uwansa a Amurka ko Ingila, aka saya a kanti kamar yadda kowa ke saya, da ribar mai kantin a kai. Tun kafin kaya ya hau jirgi an riga an ci ribar farko.

Mu bi ta a hankali. Kamfanin AMD na Amurka ne ke zana ƙwaƙwalwar na'urar, TSMC na Taiwan ya ƙera ta, a harhaɗa yawanci a Sin. Ta sauka Dubai, ta biyo jirgin sama ko kwantena zuwa Legas. A tsarin harajin bai-ɗaya na ECOWAS akwai matakai biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin 100, kuma kayan amfanin gida da aka gama ƙerawa galibi a matakin 20 suke. A kan wannan ana ɗora kashi 7 na kuɗin harajin a matsayin ƙarin tashar ruwa, da wasu ƙananan kuɗaɗe, sannan harajin VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020, ya hau kan jimillar duka, har da harajin da aka riga aka biya. In aka bi ƙa'ida, kayan da ke wannan mataki na iya ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin uku kafin ya bar bakin ruwa. Kuma da dala ake kimanta kayan, sannan a juya zuwa naira a farashin da kwastan ke aiki da shi ranar. A 2024 wannan farashi ya yi ta sauyawa, har ɗan kasuwa kan yi odar kaya da lissafi ɗaya, ya je fitarwa ya tarar da wani. Daga nan sai kasuwar Alaba ko Computer Village ta Ikeja, babban dila ya ɗora nasa. Sai mota ta ɗauko ta tafiyar fiye da kilomita 800, ko ta wuce mu zuwa Kano ta sake dawowa ta Kwangila. An buɗe tashar tudu a Kaduna a Janairun 2018 don a rage wannan wahala, amma ɗan tireda mai kwali biyar ba shi da kwantenar da zai biyo da ita ta can.

Ina so in yi wa 'yan kasuwarmu adalci a nan, don su ake zagi. Yaro ya duba waya ya ga farashin Amurka, ya shiga shago a gaya masa wani abu daban, ya fito yana cewa Alhaji ya cika son riba. Alhajin nan ba da dalar jiya yake sa farashi ba, da ta gobe yake sawa. In ya sayar a yadda ya sayo, naira ta faɗi a mako mai zuwa, kuɗin da ke hannunsa ba zai sake cika masa kanta ba. Wanda ya ga abin da ya faru a Yunin 2023, da aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700 cikin 'yan kwanaki, sannan ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, ba zai ƙara sakin jiki ba. Akwai waɗanda jarinsu ya rabe biyu alhali ba su yi asarar ko kwali ɗaya ba. In bashin banki ne, Babban Banki da kansa ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, balle abin da bankin kasuwa zai nema. Kuma PS ba burodi ba ce, tana iya wata biyu a kan kanta tana jiran mai saye, kuɗi na kwance. In ta fito da matsala daga kwali, babu kamfanin da zai karɓa ya musanya masa. Duk wannan fargabar a cikin farashi take. A ganina, in aka jera masu laifi, faɗuwar naira ce a gaba da nisa, kwastan na biye, ɗan kasuwar Sabon Gari shi ne na ƙarshe kuma rabonsa ya fi na kowa ƙanƙanta.

Akwai ƙasar da haraji ne babban mai laifi, kuma labarinta na da amfani gare mu. A 2013 Sony ya sa wa PS4 farashin riyal 3,999 na kuɗin Burazil, wajen dala 1,800, fiye da ninki huɗu na farashin Amurka. Da jama'a suka yi caa, kamfanin ya fito da lissafi ya nuna kashi 63 cikin 100 na kuɗin haraji ne. Burazil da gangan take yin haka, tana tsauwala wa kayan waje don ta tilasta wa kamfanoni su zo su ƙera a cikin gida, musamman a yankin Manaus da aka keɓe wa masana'antu tun 1967. Dabarar ta ci a wani wuri ta faɗi a wani. Sony ya soma harhaɗa PS4 a can a 2015 farashi ya sauko sosai, ko da yake bai kamo na Amurka ba. Nintendo kuwa a Janairun 2015 ya tattara ya bar ƙasar, yana kuka da haraji, bai dawo ba sai 2020. Shekara biyar 'yan Burazil suna saye a bayan fage da tsada, gwamnati ba ta samu harajin ba, masana'antar ma ba ta samu ba. Duk mai cewa a ƙara haraji don a kare masana'antar gida, sai a tambaye shi wace masana'antar, kuma da wace wutar za ta yi aiki.

Wutar nan ita ce kashi na gaba na tsadar, wanda ba a rubuta shi a jikin kwali. PS5 na jan wajen wat 200 in ana cikin wasa, ban da talabijin da fanka. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 a kowane yunit. Fetur da ake sha ƙasa da naira 200 kafin 29 ga Mayun 2023 ya haura 1,000 a ƙarshen 2024. A Oktoban 2024 kuwa duk mun gani, Arewa ta fi mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Mai PS a Landan soket kawai yake nema. Namu sai ya tanadi sitabilaiza, da janareto ko inbata da batir, kuma wani lokaci kuɗin waɗannan ya fi na na'urar. Ga data: gem ɗaya na zamani na iya cin gigabait 50 zuwa 100, kuma a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50. Ga biyan kuɗin kansa. A 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai iya saya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 aka soma buɗewa. A waɗancan shekarun duk wanda zai sayi gem na halal sai ya bi ta hannun dillalin kati. Mutum na son ya biya, an rufe masa ƙofar biya, sannan a ce mutanenmu ba sa sayen na gaskiya.

Sai ƙura. Wanda bai taɓa ganin an buɗe PS4 da ta yi hunturu biyu a Samaru ba, ya je wurin masu gyara ya tsaya. Mai gyara zai kwance murfin, ka ga fankar ciki ta yi dam da jar ƙura kamar an lika mata auduga, ramukan ƙarfen da ke fitar da zafi duk sun toshe. Shi ya sa take ƙugi, ta yi zafi ta ɗauke ana tsakiyar wasa. Zai sa buroshi da abin hura iska ya share, ya goge busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwar ya shafa sabo, ya duba ramin wayar talabijin da yara suka karkatar da sa-da-cirewa. Tsofaffin masu gyara za su ba ka labarin PS2 'yar Amurka mai cin wuta 110, wadda in aka manta aka soka ta kai tsaye a tamu mai 220, sai dai ka ji ƙauri. Ba a ƙera na'urorin nan da zafin Afrilu na Zariya a rai ba, kuma takardar garantin da ke cikin kwalin ba ta aiki a nan. Kenan mun fi biya, kuma tamu ta fi saurin mutuwa.

Da can akwai mafita ɗaya, haƙuri. PS2 ta fito a 2000 a kan dala 299, ta yi ta sauka har ta kai dala 99 a 2009. Turawa suka gaji da tasu suka sayar, ta biyo kwantenar kayan tokumbo, aka sa mata ɗan guntun da ke ba ta damar cin kwafaffen faifai, sai ga gem ɗin ƙwallo na Winning Eleven a kowane lungu. Yawancin waɗanda ke zauren nan da ita suka koyi gem. Wannan ƙofar tana rufewa. PS5 maimakon ta sauka, hawa take yi: an ƙara mata kuɗi a Turai da Japan a Agustan 2022, a Amurka ma ta koma kusan dala 550 a Agustan 2025, kusan shekara biyar bayan fitowarta. Kuma kamfanoni na ta karkata ga na'urar da ba ta da wurin sa faifai. Faifai ana aro, ana musaya, ana sayar da shi in an gama. Gem ɗin da aka sauke a asusu ba ya fita daga asusun. Wannan sauyi ba ya damun mai katin banki a Amurka, amma mu kasuwar 'yan hannu ce ta rufa mana asiri shekara ashirin.

Amsar da mutanenmu suka bayar ita ce gidan gem, kuma ni ban raina ta ba. Ku shiga ɗaya a bayan kasuwar Samaru da la'asar. Shago ne dogo, talabijin huɗu ko biyar a jere a bango, benci a gaban kowace. Robar kan sandar fad ta cinye har ƙarfe ya fito, an naɗe wayar caji da salatif. Yaron shago na bakin ƙofa da littafi da biro, yana rubuta wasa nawa kowane benci ya buga. Ƙa'ida sananniya ce, wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya zauna a kawo masa wani. Mutum biyu ke riƙe da fad, goma na tsaye a bayansu suna ba da shawara. In NEPA ta ɗauke ana minti na tamanin, kafin a tada janareto an shiga gardamar wa zai biya. Abin da ke faruwa a ɗakin nan shi ne an ɗauki na'urar da aka ƙera don ɗakin mutum ɗaya, an yanka ta minti goma-goma yadda aljihun ɗalibi zai iya ɗauka.

Mu ƙaddara lissafi, misali kawai. A ce na'ura da talabijin da fad biyu sun ci naira miliyan ɗaya, ana karɓar 200 a wasa, ana buga shida a awa, ana samun awa biyar na ciniki a rana. Naira 6,000 kenan. Fetur da haya da ladan yaro da gyaran fad su cinye rabi. Sai ya yi wajen wata goma sha ɗaya kafin uwar kuɗi ta dawo, in babu abin da ya ƙone. Kuma kasuwarsa a ɗaure take da kalandar Jami'ar Ahmadu Bello. Yajin aikin ASUU na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas Samaru ta yi tsit, haya kuwa ba ta tsaya ba. Iyayenmu da ke kukan gidan gem na cinye lokacin karatu da na salla, kukansu na kan hanya, kuma wajibi ne masu shagunan su hana yara 'yan makaranta shiga a lokacin aji, su kuma toshe ƙofar caca, don wanda-aka-ci-ya-biya ba shi da nisa da a-sa-kuɗi. Amma mai shagon ɗan kasuwa ne da ya zuba jari mai nauyi a kan riba siririya, ya cancanci a tsara sana'arsa, ba a kore ta ba.

Wani ɗalibi zai ce, ai Spotify da ya shigo Nijeriya a 2021 naira 900 ya sa a wata, alhali a lokacin a Amurka kusan dala 10 ne, me ya hana Sony yin haka? Waƙa ba ta da jiki. Ƙara mutum ɗaya a masu saurare bai ci wa kamfani komai ba, kuma ba za ka iya cusa rajistarka a jaka ka kai Landan ka sayar ba. Na'ura kuwa kowace ɗaya sai an sayi ƙwaƙwalwarta da dala. In aka karya farashinta a Legas, kafin wata ya ƙare 'yan kasuwa sun kwashe sun mayar Dubai. Don haka ban sa rai za a taɓa yi mana PS mai araha ba, kuma ba zan yaudare ku da cewa gwamnati ta bar shinkafa da magani ta fara yafe harajin gem ba. Inda ake da fili shi ne ɓangaren da ba shi da jiki: gem ɗin kansa da kuɗin rajista. Wannan ana iya sa masa farashin naira. Amma ko shi sai kuɗin ƙasa ya zauna wuri ɗaya. Kasuwar gem ta kwamfuta mai suna Steam ta daɗe tana sayar wa Ajantina da Turkiyya da kuɗinsu a farashi mai sauƙi, sai a Nuwamban 2023 ta mayar da su kan dala saboda kuɗaɗen nasu sun ƙi tsayawa. Ta kowace hanya muka biyo, kan naira muke dawowa. Abin da zan roƙa wa sana'ar a wurin hukuma kaɗan ne: a sassauta haraji a kan kayan gyara, fanka da ramin waya da sandar fad, domin su ne ke tsawaita ran na'urar da aka riga aka biya da tsada, su ne kuma abincin matasan da suka koyi gyara.

Akwai alamar cewa an fara leƙo mu. A Janairun 2024 asusun zuba jari na Sony ya sa kuɗi a Carry1st, kamfanin gem da ke Afirka ta Kudu wanda ya ƙware wajen karɓar kuɗi ta hanyoyin biya na cikin gida. Carry1st dai wayar hannu ya biyo, domin a nan nahiyar waya ce na'urar gem ta talaka.

Mu mutanen Zazzau kuma muna da wani dalili na musamman na damuwa da wannan. A Agustan 2021 aka ƙara Hausawa a cikin gem ɗin Age of Empires III, kuma Sarauniya Amina ce jagorarsu. A Fabrairun 2025 gem ɗin Civilization VII ya fito da Amina a cikin shugabannin da mai wasa zai zaɓa ya gina daula da su. Yaro a Jamus ko Koriya na zaune yana jan rundunar Amina, ya san sunan Zazzau ta wannan hanya. Kuɗin gem ɗin dala 70 ne, wajen naira 105,000 a lokacin da ya fito, albashin wata ɗaya da rabi. Ɗalibar da ke kwana a ɗakin kwanan Amina a cikin jami'ar nan, wadda ke wuce ganuwar Zariya in za ta shiga birni, da wuya ta taɓa ganinsa. Ban ce sun yi laifi da suka ɗauki tarihinmu ba, sun ga abu mai daraja ne suka ɗauka. Abin da ke ci mini rai shi ne wasu ne suka zana ta, suka sa mata murya, suka yanke farashi, mu ko a jerin masu saye ba mu fito ba.

Ku 'yan sashen kwamfuta da na zane-zane, ƙera na'ura ya fi ƙarfinmu a yanzu, amma ƙera gem bai fi ba. Maliyo Games a Legas tun 2012 suke yin na waya. Kiro'o Games a Kamaru sun fitar da Aurion a 2016, da wutar da ba ta fi tamu tsayawa ba. Manhajar Godot da ake gina gem da ita kyauta ce, tana tashi a kan kwamfutar da kuke rubuta furojet da ita. Dara na nan, langa na nan, dambe da kokawa da hawan daba na nan. Wanda ya yi gem ɗin shi ke yanka masa farashi, kuma yana iya yankawa da naira. Rajistar mai ɗora manhaja a Google Play dala 25 ce, sau ɗaya ake biya.

Mai girma shugaban taro, a nan zan dakata, a ba 'yan kasuwa da masu gyara dama su fara tambaya.